Na biya kuɗi na je kallon ruwa a ƙasar Aislan, ga abin da na gano

Tun da na dawo daga Aislan Kawuna bai bar ni na huta ba. Kullum muka haɗu a majalisarmu ta bayan La'asar a nan Agege, sai ya nuna ni ya ce, "Jama'a ku ga wanda ya bar tekun Legas kaf, ya hau jirgi biyu, ya je ya biya kuɗi don ya kalli ruwa." A yi ta dariya. Ni ma darawa nake yi, don bai yi ƙarya ba. Ruwa na je na kalla, kuma kuɗin da na biya na tsarabar yara ne. Uwarsu ma sai da ta yi kwana biyu tana ba ni amsa a gajarce.

To amma a majalisa ba a barin mutum ya kai aya, kana fara bayani wani zai katse ka. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta, in yi wa Kawu da masu karatu bayanin wannan hanya da masu yawon buɗe ido ke kira Golden Circle, mu ce Zoben Zinare: me ke kanta, me ya sa ƙasar wurin take yin abin da take yi, kuma ina ruwan ɗan Legas da ita.

Abin da ya kai ni

Ni akawu ne a wajen wani ɗan kasuwa mai shigo da busasshen kifi, wanda Yarbawa ke cewa panla, 'yan ƙabilar Ibo kuma okporoko. Shekara tara ina ƙirga buhunan kawunan kifi da ƙasusuwan bayansa, daga kwantena zuwa sito, daga sito zuwa Oyingbo da Aba. Da yawa daga cikin wannan kaya daga Aislan suke zuwa, kuma Najeriya ce babbar kasuwarsu. Ko lokacin da naira ta faɗi a 2016, sai da masu busar da kifi na can suka ji a jikinsu.

A watan Nuwamban bara oga bai ji daɗin jiki ba, sai ya haɗa ni da ɗansa muka je duba kaya. Da aka shiga da mu inda ake busar da kifin na yi ta waige-waige. Mu dai a saninmu kifi ba ya bushewa sai da rana ko hayaƙi. Nan kuwa babu rana, babu itace, babu gawayi, sai bututai da fankoki suna hura iska mai ɗumi a kan kawunan kifi jere a kan tire. Na tambayi manajan, na ce ina wutar take? Ya nuna ƙasa da yatsa. Na ɗauka zolaya ce. Ya ce in ina son in gane, in shiga motar 'yan yawon buɗe ido gobe, kafin yamma zan ga wutar da idona.

Kwana ɗaya ya rage mana. Ɗan oga ya ce shi sanyi ya ishe shi, yana ɗaki. Ni na lissafa abin da ke hannuna, na ga ko dai tsaraba ko dai tafiyar. Na zaɓi tafiyar.

Wace ƙasa ce, wace hanya ce

Aislan tsibiri ne a can arewacin tekun Atlantika, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 103,000. Wato ya fi jihar Neja girma, ita da ta fi kowace jiha faɗi a Najeriya. Amma mutanensa duka ba su kai 400,000 ba, ƙidayar 2006 ma ta ba ƙaramar hukumar Agege fiye da haka. Mafi yawansu suna zaune a babban birnin, Reykjavik, da kewayensa.

Zoben Zinare hanyar mota ce da ke tashi daga Reykjavik ta yi gabas, ta zagayo ta dawo. Tsawonta tsakanin kilomita 230 zuwa 300 ne, ya danganta da inda ka ratse. Ka ɗauka kamar ka je Ibadan ka dawo, sai dai babu gwoslo. Manyan wuraren tsayawa uku ne: kwarin Thingvellir, filin maɓuɓɓugan ruwan zafi na Geysir, da matsirgar ruwa ta Gullfoss. Sunan Gullfoss na nufin matsirgar zinare.

Mun tashi ƙarfe takwas da rabi na safe, gari duhu ɗulum kamar asuba. A tsakiyar Nuwamba rana ba ta fitowa can sai wajen ƙarfe goma, kuma kafin huɗu da rabi ta faɗi. Direbanmu, wani dattijo mai farin gemu wanda shi ne kuma mai bayani, ya gargaɗe mu tun a mota: haske awa shida da rabi muke da shi, wanda ya makara a wuri ɗaya ya cinye wa kowa rabonsa na gaba.

Thingvellir: inda ƙasa take rabewa

Bayan kusan kilomita 45 muka sauka a bakin wani tudu, gari ya fara wayewa. A gabanmu wani kwari ne shimfiɗe, ga tafki a dama, a ƙarƙashin ƙafarmu kuma ƙasa ta tsage, tsagi mai zurfi da bangon baƙin dutse, har an yi hanyar ƙafa a ciki. Sunan tsagin Almannagja.

Ga yadda na fahimci abin. Bayan duniyar nan ba dunƙule yake guda ɗaya ba. Kamar ƙwarya ce da ta fashe aka harhaɗa, ɓangare-ɓangare, kowane ɓangare yana zaune a kan dutse mai tsananin zafi da ke motsi a hankali. Ɓangaren da ke ɗauke da Amurka ta Arewa da wanda ke ɗauke da Turai da Asiya suna janyewa daga juna. Layin da suke rabuwa ya bi ta tsakiyar tekun Atlantika, kusan duk a ƙarƙashin ruwa. A Aislan ne ya fito fili ya ratsa tsibirin. Saboda haka tsibirin yana buɗewa da kusan santimita 2 kowace shekara. Ƙanƙani ne a ido, amma wanda ya shekara 70 a duniya, ƙasar ta ƙara faɗi da kusan mita ɗaya da rabi a rayuwarsa.

Inda aka ja abu ta gefe biyu, tsakiya sai ya tsage ya lotsa. Kwarin Thingvellir ke nan. Wata baturiya a motarmu ta buɗe ƙafafu a kan wani ɗan tsagi tana cewa a ɗauke ta hoto, ƙafa ɗaya a Amurka ɗaya a Turai. Dattijon ya bar ta ta gama, sannan ya ce ba haka abin yake ba: tsakanin ɓangarorin biyu akwai kilomitoci, kwarin gaba ɗayansa shi ne iyakar.

Wasu tsagogin cike suke da ruwa garai-garai, har kana ganin duwatsun ƙasansa. Ruwan daga wani tsaunin ƙanƙara mai suna Langjokull yake narkowa, ya shige ƙasa, ya yi shekaru gommai yana tacewa ta cikin dutse kafin ya ɓullo a nan. Sanyinsa digiri 2 zuwa 4 ne rani da damina. A ɗaya daga cikinsu, Silfra, na ga mutane sanye da rigar roba suna shiga ninƙaya. Na ce Allah ya ba da sa'a.

Wurin kuma ba na duwatsu ba ne kawai. Mutanen da suka zauna tsibirin, yawancinsu daga Norwe, sun zo ne a ƙarshen ƙarni na 9, kuma ba su naɗa sarki ba. A shekarar 930 suka kafa majalisa mai suna Althingi a wannan kwari. Duk shekara a tsakiyar bazararsu, sai a taho daga kowace kusurwa a kan dawaki, a kafa rumfuna, a yi mako biyu ana shari'a, ana yin doka, ana ciniki, ana ƙulla aure. Abin da ya fi burge ni shi ne ba su da rubutacciyar doka a lokacin. Mutum ɗaya ake zaɓa na shekara uku wanda ya yi haddarta, ya hau kan dutse ya karanto kashi ɗaya cikin uku da ka kowace shekara. Sai a hunturun 1117 zuwa 1118 aka fara rubuta ta. Wanda ya san wahalar hadda zai gane nauyin da ke kan wannan mutum.

A nan ne kuma, wajen shekara ta 1000, rikici ya kusa ɓarkewa tsakanin masu bautar gargajiya da waɗanda suka karɓi Kiristanci. Aka miƙa wa mai haddar dokar na lokacin, Thorgeir, wanda shi kansa ɗan gargajiya ne, ya yanke. Ya lulluɓa da bargo ya kwanta yini da kwana bai ce uffan ba, sannan ya tashi ya yanke cewa a bi Kiristanci, don a ganinsa ƙasa ɗaya da doka biyu yaƙi za ta haifa. Wurin yana da nasa baƙin tarihin kuma: akwai wani gurbin ruwa da a ƙarnonin baya ake nutsar da matan da aka yanke wa hukuncin kisa. Majalisar ta ci gaba da zama a kwarin har 1798. Ranar 17 ga Yunin 1944 kuma a nan aka taru aka ayyana Aislan a matsayin jamhuriya, ta rabu da sarautar Denmak. A 2004 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya.

Geysir: inda na ga wutar

Daga nan muka yi gabas kamar tafiyar awa ɗaya. A hanya muka wuce wani ƙauye a bakin tafki, Laugarvatn, inda ake binne tukunyar burodi a cikin yashi mai zafi, a tono ta bayan awa 24 ya gasu. Tun daga nesa kuma muka fara hango tururi yana tashi daga ƙasa wuri-wuri, kamar an kunna murhu ɗari a fili.

Kana sauka wari zai fara tarar ka, irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Farar wuta ce da ruwan ke ɗaukowa daga ƙasa. Ko ruwan zafin famfon masaukinmu a Reykjavik haka yake wari, ranar farko na ɗauka bututu ne ya lalace. A filin akwai ramuka, wani yana tafasa ɓul-ɓul, wani shuɗi shar kamar an zuba shuni, an kewaye su da igiya da allunan gargaɗi cewa ruwan na kai digiri 80 zuwa 100.

Babbar maɓuɓɓugar, wadda ake kira Geysir, ita ce ta ba duk irinta suna a harsunan Turai. A zamaninta tana watsa ruwa sama har mita 70. Yanzu ta yi barci, sai girgizar ƙasa ta motsa ta, kamar yadda aka yi a shekarar 2000. Ƙanwarta da ke kusa, Strokkur, ita ce ke aiki. Sunan na nufin mazubin da ake kaɗa madara a fitar da mai. Duk minti 5 zuwa 10 take tashi, yawanci mita 15 zuwa 20, wato bene mai hawa biyar ko shida.

Muka yi da'ira muna jira. Ruwan bakin ramin yana hawa yana sauka kamar ƙirjin mai barci. Can sai ya kumbura ya yi ƙoƙo shuɗi, kafin ka ce me, fuuu, ya tsage ya yi sama. Wallahi ban san lokacin da salati ya fito daga bakina ba.

Dalilin ba boyayye ba ne. Tunda ƙasar a tsage take, narkakken dutse yana matsowa kusa da sama fiye da sauran wurare. Ruwan sama da na ƙanƙara yana shigewa ta tsagogi, ya tarar da dutse mai zafi, ya ɗauki zafi. To ramin Strokkur kamar dogon bututu ne a tsaye cike da ruwa. Ruwan da ke can ƙasa yana ɗauke da nauyin na samansa, kuma ruwan da aka danne ba ya tafasa a digiri 100, sai ya wuce haka. Duk matar da ke dafa ganda ko wake a tukunyar nan mai murfin kulle ta san wannan. Zafi yana ta taruwa har wani ɓangare ya zama tururi, ya ture ruwan sama ya zube kaɗan. Da zarar nauyi ya ragu, ruwan ƙasan da ya riga ya wuce ma'auni sai ya koma tururi gaba ɗaya a lokaci guda, ya harbo duk abin da ke samansa. Ramin ya sake cika, a koma farko.

A nan na yi wautata ta farko. Na ga wani gefe babu kowa, na ce ga wurin ɗaukar hoto. Ashe mutane sun guje shi ne don can iska ke kaɗawa. Da ta tashi sai feshin ya sauko a kaina. Bai ƙona ni ba, don ya huce a iska, amma cikin minti biyu jikakkiyar rigata ta yi ƙarau kamar kwali. Ka duba inda tururi ke karkata, ka tsaya ta ɗaya gefen.

Ina rawar sanyi a mota na tuna da yatsan manajan nan. Abin da Strokkur ke yi don kanta, shi injiniyoyinsu ke yi da gangan. Su haƙa rijiya mai zurfi, tururi ya fito ya juya injin lantarki, ruwan zafi kuma a tura shi ta bututu. Tashar Nesjavellir da ke kusa da tafkin Thingvellir tana tura ruwan zafi ta bututu mai tsawon kusan kilomita 27 zuwa Reykjavik. Gida tara cikin goma a ƙasar da zafin ƙarƙashin ƙasa ake ɗumama su. Lantarkinsu kusan kashi 70 cikin ɗari daga madatsun ruwa yake, sauran kusan duka daga wannan tururi. Kwana biyar na yi ban ji ƙarar janareto ba. Kuma irin wannan zafi ne ke busar da kan panlan da ake jefawa a miyar egusi a Mushin.

Gullfoss: abin da aka ƙi sayarwa

Kilomita 10 gaba muka isa Gullfoss. Ba ka ganin ta daga wurin ajiye motoci, ƙararta kake fara ji. Kogin Hvita ne, wanda shi ma daga tsaunin ƙanƙarar Langjokull yake samun ruwa. Ya taho a shimfiɗe, ya faɗa mataki na farko mita 11, ya juya, ya sake faɗawa mita 21 cikin wani matsattsen kwazazzabo, har ka ga kamar ƙasa ce ta haɗiye shi. Jimilla mita 32. Bangon kwazazzabon na kai mita 70, tsawonsa kusan kilomita 2 da rabi.

Na taɓa zuwa Gurara, na san matsirga. Abin da ya bambanta wannan shi ne yawan ruwan. A bazara kusan lita 140,000 ke zuba kowace daƙiƙa, a hunturu kusan 80,000. Tankar mai irin ta Apapa lita 33,000 take ɗauka. Wato a bazara tanka huɗu da ɗoriya ke kifewa kafin ka ƙifta ido, dare da rana. Ranar da muka je feshin ya daskare a kan duwatsu da igiyoyi, ko'ina fari fat, an ma rufe hanyar da ke gangarawa kusa da ruwan saboda santsi.

Na cire safar hannu don in ɗauki bidiyo, wautata ta biyu ke nan. Kafin minti uku yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa, wayar kuma ta mutu alhali da caji a cikinta. Sanyi na kashe batir. Sai na maida ita aljihun ciki na tsaya ina kallo da ido kawai, kuma ina jin shi ne mafi alherin abin da ya same ni a ranar.

A gefen hanya akwai dutsen tunawa da hoton fuskar wata mata, Sigridur Tomasdottir. Sunan na nufin Sigridur 'yar Tomas, don su ma kamar mu da sunan uba suke amfani, ba sunan dangi ba. An haife ta a 1871 a gonar Brattholt da ke kusa, kuma matsirgar na cikin filin mahaifinta. A farkon ƙarni na 20 masu jari daga waje suka so su tare kogin su yi lantarki. Mahaifin ya ƙi sayarwa, amma daga baya aka ƙulla yarjejeniyar haya. Ita kuwa ta ce ba ta yarda ba. Ta yi ta zirga-zirga zuwa Reykjavik, tafiyar kusan kilomita 120 a lokacin da babu hanyar kirki, ta shigar da ƙara, har ta yi barazanar faɗawa ruwan in aka fara aiki. Lauyanta, Sveinn Bjornsson, shi ne ya zama shugaban ƙasar na farko a 1944.

Gaskiyar magana ba ta ci shari'ar ba. Yarjejeniyar ta rushe ne daga baya saboda an daina biyan kuɗin haya. Ta rasu a 1957, kuma sai a 1979 aka sa Gullfoss cikin wuraren da doka ta kare. Amma ita ake tunawa, don ita ta fara tsayawa ta ce akwai abin da darajarsa ta fi kuɗin da aka taya.

Kada mai karatu ya ɗauka mutanen nan ba sa taɓa kogunansu. Suna tarewa sosai. Kogin Sog da ke fita daga tafkin Thingvellir tashoshin lantarki uku ke kansa, ta farko tun 1937. A gabashin ƙasar an gina babbar madatsar Karahnjukar don masana'antar alminiyom, kuma an sha rigima a kanta. Abin da na lura shi ne suna zama su yi gardama a kan wanne za a tare, wanne za a bari. Wanda aka bari kuma bai zama asara ba. A 2010 baƙin da suka shiga ƙasar ba su kai rabin miliyan ba, a 2018 sun wuce miliyan 2, kuma da yawansu sai sun tsaya a inda na tsaya.

A nan na yi salla. Azahar ta shiga wajen ɗaya da kwata, La'asar na biye da ita kusa-kusa, Magariba kuma huɗu da rabi. Na yi alwala da ruwan ɗumi a bayan gida, na samu lungu na shimfiɗa 'yar dardumata, na haɗa Azahar da La'asar na yi ƙasaru. Alƙibla daga can gabas take, ka ɗan karkata kudu. Babu wanda ya ce mini kanzil.

Tumatir a cikin ƙanƙara, da ramin ƙarshe

A hanyar dawowa muka tsaya a wata gonar tumatir a ƙauyen Reykholt. Waje ƙanƙara, ciki kuwa rumfar gilashi ce mai ɗumi kamar Legas da hantsi. Bututun ruwan zafi daga ƙasa ke ɗumama ta, fitilu na tsaya wa rana, wasu manyan ƙudan zuma da ake kawowa daga Holan suna yi wa fure barbara. Duk shekara ake tsinka. Na tuna 'yan'uwanmu na Mile 12 da yadda kwando ke tashi sama duk lokacin da kaya suka yanke daga Arewa. Ba ina cewa a kwaikwayi wannan ba ne, mu da rana ta yi mana yawa. Amma mutanen da ke da haske awa huɗu a Disamba suna cin tumatirin gonarsu.

Tsayawar ƙarshe Kerid ce, bakin wani tsohon dutse mai aman wuta da ya rufta ciki. Zurfinsa mita 55, bangonsa ja kamar jar ƙasa, da ɗan tafki a ƙasansa da ya fara daskarewa. Mun same shi rana na faɗuwa. A nan dattijon ya ce kada mu tafi da tunanin cewa wannan wuta kullum alheri ce. A 2010 aman dutsen Eyjafjallajokull ya tsayar da jiragen Turai kusan mako guda. A Nuwamban 2023 an kwashe mutanen Grindavik, garin masunta, saboda ƙasa na tsagewa a ƙarƙashin gidajensu, kuma a Janairun 2024 narkakken dutse ya cinye gidaje uku a garin. Wutar da ke ɗumama ɗakinka ita ce za ta iya korar ka daga shi. Abin da suka iya shi ne auna ta dare da rana, su kwashe mutane kafin ta iso.

Ga mai niyyar zuwa

Aislan na cikin yankin Shengen, don haka wanda ke da irin wannan biza zai iya shiga. Babu jirgi kai tsaye daga Najeriya, sai ka canza a Turai. Filin jirgin Keflavik kusan kilomita 50 yake da Reykjavik.

In a hunturu ne, ka shiga motar haya ta 'yan yawon buɗe ido, kada ka ce za ka tuƙa. A hannun dama suke tuƙi kamar mu, amma ƙwarewarka a titin Ikorodu ba za ta yi maka amfani a kan ƙanƙara ba, ga iska mai iya fizge ƙofar mota. Sauka daga titi da mota laifi ne mai tara, don gansakukar da ke kan duwatsun tana ɗaukar shekaru gommai kafin ta farfaɗo. Lambar gaggawa 112 ce. A watan Yuni kuwa hanya lafiya lau, rana kusan awa 21 take yi, sai dai cunkoso, kuma ka tambayi malamai tun daga gida yadda za ka yi da Isha'i da Asuba.

Ba a biyan kuɗin kallo a Thingvellir da Geysir da Gullfoss, sai dai na ajiye mota a wasu wuraren. A Kerid ana biya. Kusan komai da kati ake saye. Abinci ne zai cinye ka, don haka ka yi guzurin burodi da dabino, ka riƙe gora, ruwan sanyin famfonsu ya fi na roba daɗi. Ka tsaya a kan kifi. Tsiran-alen da suke ji da shi, wanda ake sa wa a burodi, akwai naman alade a haɗinsa. Akwai ƙananan masallatai a Reykjavik in Juma'a ta same ka. Tufafi kuma ka jera su hawa uku, na saman ya zama wanda ruwa ba ya ratsawa, da takalmi mai kama ƙasa.

Amsata ga Kawu

To Kawu, ruwa na kalla, ban musa ba. Amma shekara tara ina cin abinci daga kifin nan ban san me ke busar da shi ba, yanzu na sani. Na kuma ga mutanen da aka ba ƙasa mai wuya, ba dazuzzuka, ba rana, ƙasa na tsagewa a ƙarƙashinsu, suka zauna suka karance ta har suka san inda za su haƙa, inda za su guda, da inda za su bari yadda Allah ya yi shi.

Abin da ya ɗan ba ni kunya shi ne tambayar da dattijon ya yi mini a hanyar dawowa. Ya ce a ƙasarku akwai ruwan zafi mai fitowa daga ƙasa? Na ce akwai Wikki a Yankari, akwai Ikogosi a Ekiti inda mai ɗumi da mai sanyi ke haɗuwa. Ya ce yaya suke? Na yi shiru, don ban taɓa zuwa ko ɗaya ba. A Legas aka haife ni, amma ko dutsen Olumo da ke nan Abeokuta ban taɓa hawa ba.

Shi ya sa na yi wa yara alkawarin biyan bashin tsaraba ta wata hanya. Hutun makaranta mai zuwa in Allah ya kai mu za mu hau jirgin ƙasa daga tashar Agege zuwa Abeokuta, mu hau Olumo. In aljihu ya yarda, na gaba Ikogosi. Uwarsu ta ce ta ji, amma sai ta gani a ƙasa. Kawu kuwa ya ce shi ba ya biyan kuɗi don kallon dutse, sai dai in ni zan biya masa. Na ce na ɗauka.